Ka Gaida Monita

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana na fari, wanda bakina bai saba da sunansa ba. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa albarka a aikin koyarwar da za ka fara a jami'a.

Za ka yi mamakin samun takarda daga ɗakin da ke kallon naka. Ni da kai ba ma doguwar magana. Tun kana goye kakarka ce mai kiran sunanka, ni kuwa daga "kai" sai "wancan", kuma ban ga dalilin canzawa da tsufana ba. Amma akwai maganar da kunya ba ta isa ta binne ba. Tunda baki ya ƙi, hannu zai yi. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, laifina ne da na bari sai yau. Ka karanta kafin ka ɗaure kaya, kuma kada ka tsallake layi, na san halinku masu digiri.

Shekaranjiya ina tankaɗe na ji hirarku kai da Babanku a gindin darbejiya. Ka ce hukuma ta aiko wa jami'o'i sabuwar manhaja, an tsara abin da za a koyar a kowane darasi mako-mako, an kuma ce kowane sashe ya kafa kwamitin da zai riƙa duba ko malamai suna bi. Ka ce shugaban sashenku ya ba ka sakataren kwamitin, kai da ko alli ba ka riƙe ba tukuna. Kai za ka riƙe littafin kwamitin, ka riƙa rubuta wane ya bi, wane ya kauce, a aika sama. Na ji daɗi a muryarka. Babanku ya ce, "Ka ga alamar ɗaukaka ke nan, tun ba ka shiga ba an san da zamanka."

Sai ka rage murya ka ce abu ɗaya ke damunka. Farfesar da ta koyar da kai ta ce ba za ta cire darasin burtali da zaman shanu a gona ba, ko da babu shi a sabuwar takardar, kuma sunanta ne zai fara zuwa gabanka. Babanku ya ce, "To ina ruwanka? Abin da ka gani za ka rubuta."

A nan na ajiye rariya. Ni ma an taɓa ba ni irin wannan littafin, kuma abin da na gani na rubuta.

Matar nan na san ta, ba labari aka ba ni ba. Lokacin da kake bincikenka ta zo gidan nan Kiru. Ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa ta gaida Babanku, ta ci tuwon dawa da miyar kuka da hannunta. Da la'asar na raka ta ruga. Ta zauna a ƙasa cikin matan Fulani tana tambayar kwana nawa shanu ke yi a wuri ɗaya kafin a matsar da su, suna yi mata dariya tana rubutawa. Ban taɓa ganin mai ilimi da ke tambaya kamar wadda ba ta san komai ba sai ita da wani mutum ɗaya. Labarin mutumin zan ba ka.

Ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata aka naɗa ni monita. Aikin monita a lokacinmu ba share allo kawai ba ne. Akwai littafin aji mai baƙin bango, duk malamin da ya shigo sai na rubuta abin da ya koyar, ya sa hannu a ƙasa. Malamin aikin gonarmu sunansa Malam Isiyaku, siriri ne, yana zuwa a keke da ƙafar wando cushe cikin safa. Manhajar wannan zangon duk a kan takin zamani take: ire-irensa, yadda ake auna shi da murfin kwalba, nisan da za a bari tsakaninsa da gindin shuka. Ya koyar da mu wannan tas cikin 'yan makonni, ya yi mana gwaji har sau biyu. Da kaka ta yi aka kwashe amfani, sai ya ce mu ɗauko littattafanmu mu bi shi.

Ya tsallaka da mu wata gona a bayan makaranta inda Fulani suka yi masheƙari, wato suka sauke shanunsu suna kwana a kan gonar. Ya sa muka tona ƙasar da shanu suka kwanta, muka tona ta gonar da ke kusa, ya ce mu shinshina. Ni ina sanye da sabon takalmi fari. Na ce, "Malam, kashin shanu ne fa."

Ya ce, "Shi ne tuwon da za ki ci baɗi, Hajiya."

Aji ya kwashe da dariya. Ya kira wani dattijon Bafulatani ya tsaya a gabanmu kamar malami, ya bayyana mana yadda ake matsar da garke bayan 'yan kwanaki har gona ta samu taki kusurwa-kusurwa, da yadda manomi ke bar musu kara da harawa ya ƙara da damin dawa. Ya nuna mana burtali, hanyar shanu mai shingen aguwa hagu da dama. Malam Isiyaku ya dafa shingen ya ce, "Ranar da garma ta shiga hanyar nan, ranar za a fara zuwa kotu."

Sau huɗu ya kai mu. Sau huɗu na rubuta a littafin aji: "Malam bai yi darasi ba, ya kai mu kallon shanu." Na gaya wa kaina tsoron jarrabawa ne, tunda ni ke zuwa ta ɗaya. Ƙarya nake. Takalmina ne da "Hajiya" ɗin nan. Duk mako yakan karanta abin da na rubuta, ya dube ni, ya sa hannu. Bai taɓa cewa in goge ba.

Sai sufeto ya zo daga ma'aikata. Ya buɗe littafin a ofishin shugabar makaranta, aka aika a kira ni.

"Ke ce monita?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Rubutunki ne wannan?"

"Nawa ne."

"To me kuka koyo a wurin shanun?"

Na ce, "Ba komai."

Ya ce da irina ake gyara ƙasa. Na fito kaina ya yi girma. Kafin zango ya ƙare aka yi wa Malam Isiyaku canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Doguwa, bakin daji, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Matarsa na da tsohon ciki. Ranar da zai tafi ya raba mana littattafan gwaji, nawa ne ya fi maki. Ya miƙo min ya ce, "Monita, rubutunki yana da kyau. Allah Ya sa ki rubuta alheri da shi."

Saboda haka ka saurara. Ba don sun hango ɗaukaka a goshinka suka ba ka littafin nan ba. Sabon shiga suke ba wa, domin shi ne mai yunwar a yaba masa, shi ne kuma bai san wa zai cutar ba. Babanku mutumin kirki ne, amma bai taɓa riƙe littafin aji ba. "Abin da ka gani" ba ya isa. Ni ma shanu na gani. Takarda idan ta hau sama ba ta tafiya da muryarka, ba ta cewa "amma fa". Wanda zai karanta bai san Farfesa ba, bai san Kiru ba, layi ɗaya zai gani ya ɗauki jan biro. In dole sai ka rubuta, ka rubuta duka: abin da aka ce ta koyar ta koyar, ga abin da ta ƙara, ga dalilinta, ga abin da ɗalibai suka ƙaru da shi. Kuma kafin takardar ta fita daga hannunka ka kai mata ta karanta, kana tsaye. Idan suka ce ba sa son bayani, gida biyu kawai za ka cike, "ya bi" ko "bai bi ba", ka mayar musu da littafinsu cikin ladabi ka ce a ba wani. Ban haife ka don ka zama idon wani a kan malaminka ba.

Kuskurena na biyu a gidan nan na yi shi, kuma ya fi na farko tsada. Da na auri Babanku, gonarmu ta hanyar Badafi tun zamanin kakansa mutanen Ardo Buba ke sauka a kanta duk rani. Ni kuwa na zo da takardar sakandare a ƙasan akwati. Na ce masa wannan aikin mutanen da ne, littafi ya ce takin zamani, gwamnati ma shi take cewa a rediyo. Ya saurare ni, don yana alfahari ya auri mai boko. Da Ardo ya zo da ƙwaryar nono kamar yadda ya saba, Babanku ya ce masa bana a yi haƙuri. Ina bayan ƙyaure ina ji. Ardo ya ce, "To, Allah Ya kai mu. Gona ba ta saurin fushi, amma tana yi."

Damina uku muka yi muna murna. Daga nan ƙasa ta fara tauri, ruwa ya sauka ya gudu, wuta-wuta ta cika gonar tana shanye dawa tun tana ƙarama. Shekarar da taki ya yi wuyar samu, abin da muka girbe bai kai mu bazara ba. Kuma tunda shanu sun daina zuwa, na ce me za a yi da burtalin da ke gefenmu, muka ci kunyoyin noma biyu daga cikinsa. Maƙwabci ya ga mun ci, ya ci uku. Na gaba da shi ya sare aguwar gaba ɗaya. Ranar da garken wasu baƙi ya zo wucewa bai sami hanya ba, ya faɗa gonar mutane, aka fasa wa wani kai, aka kwana biyu ana zuwa kotu. Kana rarrafe a lokacin. Sai da Babanku ya tafi ruga da ƙafarsa ya ba Ardo haƙuri, muka mayar da kunyoyin, aka sake dasa shinge. Ardo bai ce "na faɗa muku" ba. Ya dai tambaya ko amarya ta yarda.

Abin da zan gaya maka a nan shi ne manhaja ba saukakkiya ba ce. Mutane ne suka zauna a ofis suka rubuta. Wasunsu masana ne na gaske, ban raina su ba, amma ba wanda ya taɓa shinshina ƙasar Badafi a cikinsu. A rayuwata na ga an canza ta ya fi a ƙirga, kowace gwamnati da tata, kowacce kuma ranar da ta zo cewa ake ita ce daidai. Ni na haddace tawa na ci jarrabawa, na zo na kashe gona da ita. Abin da zai cece mu shi ne darasin da na ce ba komai ba ne.

Ban ce gwamnati ba ta da ta cewa ba. Ita ta gina ajin, ita ke ba ku albashi, tana da haƙƙin ta ce duk wanda zai fita da digirin aikin gona sai ya san kaza da kaza. Babanku ma yana da ikon cewa yau tuwo za a yi. Amma ranar da ya tsaya a kaina yana ƙirga min juyin muciya, ranar zai kwana da yunwa. Idan aka hana malamin jami'a faɗin abin da ya bincika ya gani da idonsa, wa ya rage da zai gaya wa hukuma ta yi kuskure? Mu da ke tankaɗe? Kuma ka tambayi kanka me ya sa darasin burtali ne ya ɓace. Wataƙila mantuwa ce. Wataƙila kuma duk wanda ya koyi inda hanyoyin suke a da, zai tambayi gonar wa ke kansu yanzu. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, don haka kada ka zargi kowa. Amma kada ka taya a binne.

Yanzu kada kanka ya kumbura ka ce Umma ta ba ka izinin tawaye. Ga kuskurena na uku. Bayan abin da ya faru da gonar, sai na koma ɗaya gefen, na tsani duk takardar da ta fito daga ofis. Aka ba ni ajin matan aure na yaƙi da jahilci, aka ba ni ɗan littafin da za a bi. Na jefa shi cikin akwati. Na koya musu abin da ni na ga ya dace: karanta takardar magani, rubuta wasiƙa, har da zancen taki. Ina ji da kaina, wai ni ce Malam Isiyaku. A cikinsu akwai Ladidi, 'yar Dangora, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. An yi mata alkawarin aikin shara a asibiti in ta kawo takardar shaidar ajin. Jarrabawa ta zo, kaf daga littafin da ke cikin akwatina. Ta faɗi. Ta same ni a gida, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malama, na iya karanta takardar magani, sai dai ba su tambaye ni ita ba." Aka ba wata aikin.

Ranar na tuna abin da na manta. Malam Isiyaku sai da ya gama mana babin takin zamani, ya tabbatar ya zauna, sannan ya kai mu gona. A ajinmu ba wadda ta faɗi aikin gona a jarrabawar ƙarshe. Ni na kwaikwayi tsallake shingensa, ban kwaikwayi wahalarsa ba.

To ka ji. Takardar ɗalibi ba taka ba ce da za ka yi jarumta da ita. Iyayensu sun sayar da akuya da dawa sun turo su. Abin da aka ce ka koyar, ka koyar da shi cikakke, ko ba ka so, har su iya amsa duk wanda zai tambaye su. Sannan ka ƙara musu abin da ka sani, ka gaya musu a fili: wannan na manhaja ne, wannan kuma abin da na gani ne, ga hujjata, ku je ku duba. Wanda ya yi maka gardama a cikinsu kada ka rage masa maki, kai ma 'yancin da kake nema ke nan. Kada ka mai da aji wurin zagin masu mulki, wannan ba ilimi ba ne, hirar mai shayi ce. In kana da ƙorafi a kan manhaja, ka faɗa a taron malamai da rana tsaka, da sunanka, da hujjarka a rubuce. Ban yarda ka ɓuya a waya da sunan ƙarya kana jifa ba. Kuma kada ka yi zuciya ka ajiye aiki, wanda ya fita ya bar musu ajin ne.

Na san abin da kake tsoro. Sabon ma'aikaci ne kai, ba a tabbatar da kai ba, ana iya danne maka ƙarin girma, ana iya sa maka ido. Ba zan ce maka ba za a yi ba, an yi wa wanda ya fi ka. Amma rumbunmu da dawa, gonar Badafi ta farfaɗo, ba za ka kwana da yunwa ba. Na fi son ka dawo min a kan acaɓa da mutuncinka, da ka dawo a mota ana nuna ka ana cewa ga wanda ya kai sunan malamarsa.

Saura na ƙarshe, wanda har yau ina cikinsa. Shekara biyu da suka wuce Farfesa ta tura ka Doguwa wurin wani tsoho da aka ce ya san tsofaffin hanyoyin shanu. Ka yi mako uku a gidansa. Ka dawo ba ka da zance sai nasa: yadda ya yi shekaru yana bin burtali a keke, daga Bebeji zuwa Tudun Wada har bakin daji, yana zana su a littattafan makaranta, yana rubuta sunan kowane mashayi da kowace ruga. Ka ce ya ɗauko littattafan nan gaba ɗaya ya ba ka, ya ce shi ido ya tafi, kai ka yi amfani da su. Na ji ka da kunnena kana cewa ba don su ba da ba ka gama digirin nan ba. Sannan ka leƙo ɗakin girki kana dariya ka ce, "Umma, tsohon nan da ban dariya yake. Ya tambaye ni ɗan wane gida ne, ya tambayi makarantar da kika yi, sai ya ce wai in gaida monita."

Na ce ina amsawa, na juya ina gyara wuta.

Shi ne. Ya san ko ɗan wace ce kai tun ranar farko, ya ba ka shimfiɗa, ya ba ka aikin rayuwarsa. Inda aka jefa shi don a hukunta shi, nan ya mayar makaranta. Aikin da za ka fara jibi a kan littattafan mutumin da na kora yake tsaye. Ni kuwa shekara biyu ina riƙe da gaisuwarsa ban mayar ba, ina cewa sai an gama shuka, sai an gama girbi. Kada ka gaji wannan daga gare ni. In ka cuci mutum ka je da wuri, tun ƙafarka na iya kai ka, tun kunnensa na iya ji.

Na gaya wa Babanku komai jiya, ya kuma ba ni izini. Motar da za ka shiga gobe ta Doguwa za ta bi. Ka kama min wuri kusa da taga. A can za mu sauka, ka kai ni ƙofar gidan, ka yi sallama tunda ya san muryarka, sannan ka koma waje ka jira. A hanya kada ka ɗauko min zancen takardar nan, ba zan amsa ba. An yi min tambaya ina aji huɗu na ba da amsar ƙarya. Zan je in gaya masa abin da na koyo a wurin shanun. In na fito, ka sa ni a motar Kiru, kai kuma ka wuce inda littafinka ke jiranka.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya tsare harshenka da alƙalaminka daga cutar bawanSa, Ya haɗa ka da shugabanni masu jin gaskiya da ɗalibai masu tambaya. Allah Ya saka wa malamanka da alheri, na jami'a da na ruga, Ya ba Malam Isiyaku lafiya, Ya sa mu same shi. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarka.